Arba'in da Takwas

Dokar ofishin lafiya a sarari take: idan ƙauyukan da ƙyanda ta ɓulla suka kai hamsin, a rufe makarantu. Kwamfuta ta ce arba'in da takwas. Darakta har ya ɗauki waya zai yi wa na sama albishir.

"Ranka ya daɗe, a ba ni minti biyar," in ji jami'ar ƙididdiga.

"Malama, arba'in da takwas bai kai hamsin ba. Ko a jami'arku ya kai?"

Ta buɗe jerin lambobin. Kowane malamin gunduma yakan turo jerin lambobi, ƙauye ɗaya lamba ɗaya, sifili inda babu ciwo. Manhajar tana ƙirga duk abin da ba sifili ba. Amma dattijon da ke kula da gundumar bakin kogi mutum ne mai tsari. Yakan cusa ƙananan ƙauyuka cikin baka biyu a ƙarƙashin babban gari, wani lokaci baka cikin baka, yadda ya saba a takarda shekara ashirin. Manhajar kuwa ba ta leƙa ciki. In ta ga ƙunshi, sai ta ƙirga ɗaya ta wuce.

Jami'ar ta gyara layi uku a manhajar, ta sa a kwance kowane ƙunshi har ƙasa. Darakta na tsaye a kanta.

Sittin da ɗaya.

Ya daɗe yana kallon allon.

"Ɗazu na'urar nan ta fi ladabi," ya ce. Ya danna lambar na sama a waya. "A rufe makarantun yau, kafin a tashi."