Shayin da Shizue Ba Ta Kai Ba

Kuramoto Shizue ta iya aikinta, wannan kowa a kamfanin ya sani. Sai dai ba ta da haƙuri ko na sisin kwabo.

Kamfaninsu da ke birnin Sendai a Japan shi ke ajiye wa garuruwan bakin teku bidiyon hirarraki da tsofaffinsu, har da na kakar Shizue, wadda ta rasu bara. An kulle su duka a cikin wani tsari na kamfanin, ba sa buɗuwa sai da manhajarsa. Ga shi kuma daga watan Maris burauzoji, wato manhajojin shiga intanet, za su daina karɓar manhajar kamfanin. In ba a juya su zuwa buɗaɗɗen tsari ba, muryar kakarta ta tafi kenan.

A kamfanin ba a kawo magana sabuwa fil a taro. Sai ka bi manya ɗaya bayan ɗaya da kofin shayi, ka shawo kansu a gefe, taron ya zama na buga hatimi kawai. Shizue ta ga lokaci ya ƙure, ta tsallake shayin. Ta miƙe a gaban mutum goma sha biyu ta ce tsarin ya mutu, tun farko ma kuskure ne a kulle shi.

Okabe, shugaban sashen, shi ne ya ƙera tsarin da hannunsa shekara ashirin da suka wuce. Ya gyara tabarau ya ce, "Za mu duba." Duk wanda ke wurin ya san an binne maganar.

Da aka fito, abokiyar aikinta Mieko ta ja ta gefe. "Ke kam kin iya ɓaro aiki! A gaban yaransa za ki ce masa ya yi shirme? Sannu, gwana."

Bayan sati biyu takardar shawarar da ta miƙa ta dawo ba hatimin Okabe. Ran nan suka yi kiciɓis a matakala. Shizue ta rusuna.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri. Amma kai ma ka san gaskiya na faɗa."

"Na sani mana, tun kina makaranta na sani," in ji Okabe. "Da ofishina kika zo, da ni zan kai maganar sama in ce tawa ce, sati ɗaya an gama. Yanzu in na yarda, na yarda an zage ni, kuma manya ba za su ƙara saurarona ba."

"To ni fa? Kakata na ciki."

Tausayinsa ya kama ta, ga haushi ya cika mata ciki.

"Hira ta ɗari biyu da shida," in ji Okabe a hankali. "Mahaifiyata ce. Kullum da safe nake kunna ta, kafin Maris ya zo."