Wa Ya Ce Ya Yafe?

Sana'arta rubuta maganar da ke fitowa a ƙasan bidiyo, kowane layi da sunan mai maganar a gabansa. Yau bidiyon gidansu take yi wa ƙaninta kurma, wanda Baba ya kora, har Baban ya rasu ba su shirya ba.

A bidiyon, Baba da Baffa ke hira, muryarsu iri ɗaya sak. Daidai inda aka ce, "Ni dai na yafe wa yaron nan," mai ɗauka ya karkatar da waya, sai takalma kawai ake gani. Ta saurara har kunnenta ya yi zafi. Baffan ma ƙasa ta rufe masa ido.

Ƙanin ya dangwala yatsa a layin, ya tambaye ta da hannu: wa ya faɗa?

Ta rubuta "Baba", sannan ta goge. A kan idonsa ta goge.