Sa Hannun da Ba Nata Ba

Auta ya ɗora tsani a kan motar aiki ke nan, yana shirin sulalewa ta ƙofar baya, sai Manaja ya leƙo ta taga.

"Injiniya, yau babu fita. Zo ka tsaya mana a kan firinta, mutanen nan sun cika mana ofis."

Ya sauke tsanin a hankali. Ya san su wane ne suka cika ofishin, ya kuma san wadda ke gabansu.

Sati uku ke nan gari ya ɗauka cewa kamfaninsu na intanet yana bin diddigin duk abin da mutum ya bincika a layin gidansa, yana sayar wa masu talla. Ka nemi maganin basir yau, gobe kowace waya da ke gidanka ta san halin da kake ciki. Mutane suka fusata, suka haɗa takardar koke, suka samu lauya. Amsar kamfani ɗaya ce: kowa ya amince, kowa ya sa hannu ranar da aka haɗa masa layi.

Auta kuwa ya fi kowa sanin yadda ake sa hannun nan. Gida goma sha biyu ake ba mutum a rana, sharuɗɗan kuma shafi tara ne a allon kwamfutar hannu ta aiki, da rubutu ƙanana kamar tururuwa. Wa zai tsaya jiran mai gida ya karanta? Tun ranar farko ogan da ya koya masa aiki ya nuna masa dabarar: ka danna "Na amince", ka ja yatsa a wurin sa hannu, ka naɗe wayarka ka wuce. Kowa haka yake yi. Shi ma haka ya yi a gidan Yayarsa, tana kan keken ɗinki tana yi masa tsiya wai ya zama babban mutum har ba ya cire takalmi. Ko tunanin nuna mata allon bai yi ba. Cewa ya yi, "Yaya, an gama," ta sa masa albarka.

Wata huɗu bayan haka Yaya ta ji wani ƙullutu a nononta. Ba ta faɗa wa kowa ba, ta ce sai sakamakon asibiti ya fito, saboda mahaifiyarsu tana zaune a gidanta kuma hawan jini ya daɗe yana wasa da ita. Ta dai riƙa bincike a wayarta. Sai tallan asibitocin sankara ya fara fitowa a wayar mijinta, ya fito a talabijin ɗin falo. Mijin, mutum ne da ba ya iya riƙe magana, ya tambaya a gaban kowa, "Wai wa ke neman maganin sankara a gidan nan?" Umma ta dubi fuskar Yaya, ta gane. Kwana biyar ta yi a gadon asibiti, har yau hannunta na hagu ba ya riƙe kofi. Ƙullutun kuma, da sakamako ya fito, ashe ba komai ba ne.

Tun daga lokacin Auta bai ƙara cin abinci a gidan Yaya ya ji daɗinsa ba. Sau uku yana zuwa da niyyar faɗa mata, sau uku yana dawowa da maganarsa a ciki. Kunya ce, da tsoro, ya kuma sani.

Ofishin ya cika maƙil, fanka tana juya zafi kawai. Wani dattijo yana ɗaga wayarsa sama yana cewa, "Ni da jikokina ake nuna wa tallan maganin ƙarfin maza? Ku ji tsoron Allah!" Aka yi dariya, amma dariyar ba ta daɗe ba. Yaya tana gaban kantar ofishin da lauya a gefenta, ta ɗaura mayafinta a ƙugu kamar mai shirin wanki. Da ta hango Auta sai ta ɗaga masa gira, irin ta "kai babu ruwanka, ba da kai muke ba." Wannan kallon ya fi zagi yi masa ciwo.

"Wannan baiwar Allah ita ce ta farko a ƙararmu," in ji lauyan. "Ta ce ba ta taɓa ganin wata takarda ba, balle ta sa hannu. Ku fito mana da ita."

"Ban taɓa ba," Yaya ta ce. "Ko a mafarki."

Manaja ya yi murmushin da yake yi wa masu kawo ƙorafi, ya danna kwamfuta. "Injiniya, miƙo."

Firinta ta yi ƙugi, takarda ta fito da ɗuminta. Auta ya ga layin da yatsansa ya ja, wani karkataccen abu mai kama da ƙugiya. A ƙasa ga kwanan wata, ga sunan ma'aikacin da ya haɗa layin da lambarsa. Ya miƙa wa Manaja.

Manaja ya shimfiɗa ta a kan kantar. "Ga shi. In kuma kin ce ba hannunki ba ne, to mu ma an cuce mu. Kamfani bai aiki kowa ya yi sa hannun jabu ba. Ma'aikacin da sunansa ke ƙasa shi zai amsa, yau ɗin nan za mu miƙa shi ga 'yan sanda."

Lauyan ya gyara tsayuwa, fuskarsa ta washe. "Madalla. Abin da muke nema ke nan. Duba da kyau, ki faɗa da ƙarfi kowa ya ji."

Yaya ta ciro tabaraunta na ɗinki daga jaka, ta saka. Ta dubi ƙugiyar. Ta gangaro da ido ƙasa, ta tsaya a nan. Auta ya ga leɓenta yana karanta sunan ba tare da sauti ba.

Yanzu ne lokacin. Taku biyu ne tsakaninsa da kantar, kalma uku kuma za ta isa. Ya buɗe baki, ya tuna matarsa da cikinta na wata bakwai, ya mayar da bakin ya rufe. 

Ba ta ɗago ta dube shi ba. Ta cire tabarau, ta naɗe shi.

"Hannuna ne," ta ce.

"Me kika ce?" in ji lauyan.

"Na ce hannuna ne. Na manta ne. Ina kan keke ranar, aka miƙo min na ja."

Ofishin ya kaure da hayaniya. Wata mata ta ce, "Kin tara mu nan tun safe ashe ke kika sa hannu?" Wani daga baya ya ce an saye ta. Lauyan ya tattara takardunsa yana girgiza kai, ya kira suna na biyu. Yaya ta tsaya ta shanye duka, ita da ko mai kayan miya bai isa ya faɗa mata magana ta yi shiru ba.

Manaja ya juyo yana murna, ya dafa kafaɗar Auta. "Ka gani ko? Aikinka yana kyau."

Yaya ta fice. Auta ya bi ta waje da gudu, ya same ta a bakin titi tana kwance mayafin daga ƙugu.

"Yaya..."

"Koma bakin aikinka," ta ce, idonta a kan motocin da ke wucewa. "Kuma ka zo anjima ka ɗaga min Umma, zan yi mata wanka. Ni kaɗai ba na iyawa yanzu."