Daɓen Madafar Liyatu

Habila ya dawo Gangara daga Arlit a shekarar 1978 da akwatin ƙarfe, da rediyo, da wata cuta da ya kwaso a gidan Baturen da ya yi wa kuku shekara huɗu: ba ya iya ganin rairayi a wurin dafa abinci ransa bai ɓaci ba. Ko gajiyar hanya bai huce ba ya sa aka ture rumfar karan da matarsa Liyatu ke girki a ciki, aka gina mata madafa ta ƙasa, har da taga. Saura abin da za a sa a ƙasanta.

"Maman Rabeka, abu uku na kawo miki, ki zaɓa," in ji Habila. "Akwai karo, fale-falen nan masu sheƙi na gidan Nasara. Akwai leda mai zanen fure. Akwai siminti."

"Daɓe fa?"

"Daɓe ba ya ciki."

Liyatu ta yi dabarar kashe su ɗaya bayan ɗaya, don daɓe ya rage shi kaɗai. Ta ce karo santsi gare shi, ranar da miyar kuɓewa ta zube sai dai a kwashe ta a kai asibitin Tanout. Leda kuwa garwashi ɗaya ya ishe ta, abin da ya saura awaki su cinye. Tana cikin neman laifin siminti Habila ya miƙe ya ce, "To, siminti ke nan." Washegari ya hau kamyo, babbar motar kaya, ya tafi saye.

Abin da Habila bai sani ba, kuma bai tambaya ba, shi ne Liyatu ta daɗe tana jiran ranar daɓenta. Daga Zinder aka kawo ta, ba ta da kowa nata a Gangara. Shekara goma sha ɗaya, duk gidan da aka yi gayyar daɓe tana can durƙushe cikin mata, tana bugun jar ƙasa da madaɓi har gwiwoyinta suka yi kanta. A wurin daɓe mata kan sa sunan matar gida da na uwarta a waƙa. Liyatu ta rera na kowa, nata ba a taɓa rerawa ba, don ba a yi wa rumfar kara daɓe. Har bagaruwar da za a jiƙa a yayyafa ta tara buhu guda ta ɓoye.

Barmo magini ya zo ya zuba siminti, ya goge shi sumul, ya rantse ko raƙumi ya yi rawa a kai ba abin da zai same shi. Maza suka yi ta zuwa kallo, suna cire takalmi a bakin ƙofa. Mace ko ɗaya ba ta leƙo ba, me za ta zo yi?

Da simintin ya bushe, Liyatu da kullum a tsakar gida take daka ta gangaro da turminta har tsakiyar madafa. Ta zuba gero ta hau shi da dukan ƙarfinta, tana duba ƙasa ko ta tsage. Kwana uku tana wannan aiki, har da geron maƙwabta ta karɓo. Rana ta uku aka ji ƙas. Turmin ne ya rabe biyu, simintin ko ƙwarzane babu. Ta zauna a kan simintin ta yi kuka mai isarta.

Maƙwabciyarsu Binta ce ta tare Habila ta bakin zana ta fayyace masa komai.

"To don me ba ta faɗa ba?" in ji shi.

"Ta ce daɓe, ka ce ba ya ciki. Me kuma ya rage ta faɗa, Malam Habila?"

Kunya ta kama shi, har da tausayi. Da safe ya aro diga. Barmo ya ji labari ya iso a guje, ya tarar da shi tsirara daga ƙugu zuwa sama, digar tana tsalle tana fitar da tartsatsi.

"Lafiya kake fasa mini aiki?"

"Simintin banza ne," in ji Habila yana haki. "Tun a buhu ya mutu."

Mataccen simintin nan sai da ya ci masa kwana huɗu, ya bar masa tafin hannu duk bororo.

Ranar daɓe mata sun fi talatin, kowace da madaɓinta. Aka kori Habila waje kamar yadda ake korar kowane namiji, ya zauna a bayan zana da hannuwa naɗe cikin tsumma. Aka zuba ƙasa da tsakuwa, aka yayyafa ruwan bagaruwa, bugu ya kankama. Binta mai ba da waƙa ta sa sunan Liyatu, mata suka amsa har madafar ta ɗauka. Sai ta dakata.

"Liyatu, yaya sunan uwarki? Shekara goma sha ɗaya ba mu taɓa tambaya ba."

Liyatu ta fashe da kuka. Madaɓai suka tsaya a sama ana jiranta.

Habila ya kara bakinsa da zana ya ce, "Magdalena."