Inda Babur Ke Rage Gudu

Shekara shida ƙanena Zaharaddini bai tako Rogo ba, tun da suka ɓata da Baba kan ya ƙi noman gyaɗa. Ko jana'izar Baba bai zo ba. Mun dai ji yana Legas yana harkar kwamfuta. Rannan kwatsam ya turo mini wasan tseren babur a waya, babu sallama, sai layi ɗaya: "Ni na zana hanyar."

Na rasa gane nufinsa. Gori ne ko neman shiri? Inna kuwa ta tsare ni sai na faɗa mata ko ɗanta yana tunawa da mu.

Na kai wayar inda muke ajiye babura, mu 'yan acaɓa. Sulle ya karɓa, ya yi ta faɗawa rami.

"Wannan hanyar Yammedi ce," in ji shi. "Dubi gonakin dawa."

"Yammedi da duwatsu haka?" Kabir ya ce. "Ƙasar waje ce, malam. Ka taɓa ganin titinmu da fitilu?"

Mai faci ya leƙo ya rantse gefen dam ɗin Karaye ne, shi da ko ruwa bai gani a ciki ba. Ni kaina ya ƙulle. Wata kwanar kamar na san ta, ta gaba kuma kamar a mafarki. Haushi ya kama ni, na ce yaron nan ya haɗa ƙarya da gaskiya don ya raina mana hankali.

Abin da ya fi damun kowa, akwai wani wuri bayan wata tsamiya da babur ke rage gudu da kansa, komai dannawarka. Ƙarar injin ma sai ta ɗauke. Sulle ya ce wasan ne ya lalace, Kabir ya ce wayata ce ta tsufa.

Da la'asar na ɗauko fasinja zuwa Rogo Ruma. Muna wuce tsamiyar bakin maƙabartar da Baba ke kwance hannuna ya saki totur, na yi wa mamatan ciki sallama, kamar yadda Baba ya koya mana tun muna kan keke. Sai da fasinjan ya taɓa ni na san na tsaya cak.

A gida Inna ta ce, "Ƙasimu, ka gano ko ina ne?"

"Na gano, Inna. Kullum yana zuwa wajen Baba."