Gwangwanin Malam Halliru

Shekarar da fari ya cinye gyaɗar garin Fulatan, wasu mutane suka zo a Landiroba daga Legas, suka kafa gwangwani mai bakin mazurari a bayan gidan Malam Halliru, tsohon malamin firamare. Suka ce daga kwamitin da ke ba Shugaban Ƙasa shawara kan noma suke. Aikin Malam shi ne ya auna duk ruwan saman da ya sauka, ya aika musu kowane wata.

Gari bai so abin ba. Wai mai ƙirga rahamar Allah korar ta yake yi. Ba wanda ya taɓa nuna littafin da aka samo wannan hukunci, amma hakan bai hana a riƙa naɗe tabarma in ya doso majalisa ba. Da matarsa Rabi'atu ta rasu, gaisuwar ma a tsaye aka yi masa.

Ya daure, don can wani ofis akwai mai karanta rubutunsa. Har kamanni ya yi wa mutumin a ransa: mai tabarau, mai haƙuri. Wani lokaci yakan ƙara masa layi a ƙasan takarda, "Bana dawa ta yi kyau."

Shekara takwas yana taka keke zuwa gidan waya na Ƙaraye. Ran nan Jibo, ma'aikacin wurin, ya tare shi da dariya.

"Mashawarcin Shugaba! Yau dai an tuna da kai, Malam."

Ya miƙo masa ƙunshi ɗaure da igiya. Wasiƙunsa ne, ba a buɗe ko ɗaya ba. Wata 'yar takarda a sama ta ce an rushe kwamitin tun shekarar farko. Wajen kwashe kaya zuwa Abuja aka tsince su.

"Me suka ce?" in ji Jibo.

"Sun gode."

A hanya ya yanke shawara zai tumɓuke gwangwanin, gobe ya je majalisa, a yi masa dariyar kwana biyu a ba shi wurin zama. Kafin ya kai gida hadari ya haɗu, aka sheƙa ruwa.

Ya tarar da gwangwanin da nauyi. Zubar da ruwan haka kawai ya gagare shi. Ya juye a kwalbar awo, ya ɗaga ta ga haske.

"Milimita talatin da ɗaya," ya ce, ya waiwaya ko akwai mai ji. Akuyar maƙwabta ce kaɗai a jikin danga.

Ya mayar da gwangwanin mazauninsa, ya daidaita bakinsa.