Birki na Biyu

Motar koyar da tuƙi birki biyu gare ta, ɗaya a ƙafar ɗalibi, ɗaya a gefen malami. Shekara da shekaru ina wannan sana'a ba na taka nawa sai ta kama dole. Sai kawai, ba haɗari ba komai, na fara taka shi babu dalili. Ɗalibi na tafiya lafiya a miƙaƙƙen titi, sai gabana ya faɗi, in danna birki, mu yi gaba kamar buhuna. Ɗalibai suka watse ɗaya bayan ɗaya. Daga baya ma fita ta gagare ni. Ina kwance, labule a sauke, jiki ya ƙi motsi, zuciya kuma ta ƙi daina gudu.

Yayata ce ta gaji da kallona, ita kuwa ba ta iya lallashi ba. Ta shigo, ta yaye labule, ta ɗauki wayata ta yi 'yan danne-danne.

"Auta, na haɗa ka da likitar da ke duba mutane ta bidiyo. Tunda ka kasa zuwa asibiti, ga asibitin ya zo."

"Yaya, gidan nan ko tari na yi sai maƙwabta sun ce sannu. A ina zan yi maganar?"

Ta jefo mini makullin mota. "Ga ɗaki can a waje yana shan rana."

Haka na koma ganin likita a cikin mota, ina kujerata ta malami, wayar na jingine da gilashin gaba. Ba ta yi mini wa'azi ba. Ta saurare ni tsaf, sannan ta ce abu biyu ne suka haɗe mini, ciwon damuwa mai danne mutum da fargaba mai firgita shi, kuma duka ana warkewa. Ta riƙa ba ni ƙananan ayyuka: yau in yi wanka in fito ƙofa, gobe in wanke motar.

Wata rana ta katse ni. "Malam, wace ƙara nake ji duk lokacin da ka ambaci aiki?"

Na duba ƙasa. Ashe birki nake takawa, a motar da ke tsaye, injinta a kashe. Na yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta jira ni har na gama.

"Idan ɗalibi ya tsorata, me kake ce masa?" in ji ta.

"Ya kalli abin da ke gabansa, ya bar abin da yake zato."

"To ga ɗalibi nan ka samu, kai kanka."

Daga nan muka bi abin a hankali. Na tada inji, na zaga unguwa, har muka zo kan babban aikin, wato zama kusa da mai koyo. Idan na kasa wannan, sana'ata ta ƙare, na sani. Ɗalibi kuwa babu ko ɗaya.

"Ni zan koya," in ji Yaya.

Na kalle ta. Matar da ko tasi ta shiga sai ta riƙe ƙofa tana addu'a har a sauka.

Muka tafi wani fili a bayan ma'aikatu. Gaskiya ban taɓa ganin tuƙi mai muni kamar nata ba. Ta ƙanƙame sitiyari, motar ta nufi wani tsohon duro. Ƙafata ta ɗaga da kanta. Na tambayi kaina, me nake gani? Duron na da nisa, gudun ko keke ya fi shi. Na mayar da ƙafar ƙasa.

"Yaya, birki, a hankali."

Ta taka da kanta, muka tsaya. Daɗi ya rufe ni, na yi ta godiya ga Allah da likitar da ban taɓa ganinta ido da ido ba. Da na juyo, sai na ga Yaya sharkaf da gumi.

"Ashe har yanzu kina tsoron mota?"

"Kamar in mutu," ta ce, tana share fuska da gefen mayafi. "Amma ai dole wani ya zauna a nan. Ina ne giyar baya?"